Riga-kafi ba allura: na shaƙa, na bindiga ko na manne, ina kuɗin ɗan Maraɗi za su zauna?

A Nijar uwa ba ta sayen riga-kafin ɗanta. Ranar awo ta goyo shi zuwa likita, a ɗiga masa na baki, a yi masa na cinya, a rubuta a karne, ta koma gida. Kuɗin daga wani wuri suke fitowa. Gavi, ƙawancen duniya mai tallafa wa riga-kafi, shi ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, ofishin sayayya na UNICEF da ke Kopenhagen shi ke ciniki da kamfanoni, gwamnati kuma tana sa nata, wanda ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya kama santi 20 na dalar Amurka a kan awon mutum ɗaya, wato sefa ɗari da ɗoriya.

Duk mai tunanin zuba jari a wannan harka, daga nan ya kamata lissafinsa ya tashi. Ana haihuwar yara fiye da miliyan ɗaya kowace shekara a ƙasar nan, jihar Maraɗi kuma tana kan gaba, don haka buƙata ba abin tambaya ba ce. Amma mai saye kusan ɗaya ne, kuma ba ya saye don abu sabo ne ko don yana burge ido. Yana duba ko Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta amince da kayan, nawa ne awon yaro ɗaya, wane irin sanyi yake buƙata kafin ya isa ƙauyen da ke bayan Dakwaro, kuma wa zai iya ba da shi. Da wannan ma'auni zan auna hanyoyin uku.

Na shaƙa

Hujjarsa a ilimance mai ƙarfi ce. Mura da ƙyanda da korona ta hanci da maƙogwaro suke shiga, to in an horar da garkuwar jiki a bakin ƙofar, ana fatan a tare cutar tun ba ta zauna ba, a kuma rage yaɗa ta. Allurar dantse ta fi ƙwarewa wajen hana ciwo ya yi tsanani, ba ta cika hana mutum ɗauka da rabawa ba.

Akwai waɗanda suka kai kasuwa. FluMist, na mura, wanda ake fesawa a hanci, ya samu izini a Amurka tun 2003, kuma AstraZeneca ya sayi kamfanin da ke yin sa, MedImmune, a 2007 kan dalar Amurka fiye da biliyan 15. A Satumban 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda mutum ya fesa wa kansa a gida. A Satumban 2022 Sin ta amince da na korona na kamfanin CanSino, wanda ake mayar da ruwan maganin ya zama hazo a cikin ɗan kofi, mutum ya zuƙa ta baki ya riƙe numfashi ƴan daƙiƙu. A cikin watan dai Indiya ma ta amince da iNCOVACC na Bharat Biotech, ɗigon hanci na korona.

Sai dai tarihin kuɗin bai yi daɗin ji ba. Na CanSino da na Bharat sun iso ne kasuwar korona na watsewa. A Mayun 2023 OMS ta ce annobar ta daina zama lamarin gaggawa na duniya. Hannun jarin CanSino a Hong Kong ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari daga ƙololuwar da ya kai a farkon 2021. Kamfanin Altimmune na Amurka ya watsar da nasa na hanci a 2021, jami'ar Oxford kuma ta sanar a Oktoban 2022 cewa gwajin fesa maganinta a hanci bai ba da abin da ake so ba. Shi kansa FluMist, shekara biyu a jere daga 2016 masu ba da shawara kan riga-kafi a Amurka suka ce a jingine shi, don ba ya kare yara yadda ake zato. Kafin nan ma, a 2001, an janye wani na hanci a Suwizalan bayan an ga yana karkatar wa wasu da fuska. Masu harkar jari har yau suna tuna Exubera, insulin na shaƙa da Pfizer ya fito da shi ya kuma janye a 2007, ya rubuta asarar dala biliyan 2.8. Ba riga-kafi ba ne, amma ya nuna cewa tsoron allura kaɗai ba ya cika aljihun kamfani.

Gwajin da ya fi shafarmu shi ne na ƙyanda. OMS ta daɗe tana neman na shaƙa, aka gwada shi a kan jarirai a yankin Pune na Indiya, sakamakon ya fito a 2015: kashi 85 cikin ɗari na waɗanda suka shaƙa sun samu kariya, na allura kuwa kusan kashi 95. Tazarar goma a wata cutar ba komai ba ce. A ƙyanda, wadda sai an rufe kusan kashi 95 na yara kafin ta daina yawo a gari, tazarar ta isa ta kashe ciniki.

Ƙara da yanayinmu. Na'urar hazo tana son wuta ko batir, tana son wanki da gyara. Babban mutum zai zuƙa ya riƙe numfashi in an ce masa, jaririn wata tara kuwa kuka zai sa, ba wanda ya san nawa ya shiga huhu nawa ya bi iska. A hunturu rabin yaran layi majina ta toshe musu hanci. Riga-kafin mura kuma ba ya cikin jadawalin yaranmu, to wa zai biya? A ganina wannan hanya kasuwar masu hali ce ta Turai da Amurka da Sin, inda mutum ke sayen sauƙi da kuɗinsa. Tana iya yin riba can in wata annoba ta ɓulla. Caca ce a kan annoba.

Na bindiga

Wannan tsofaffinmu sun san shi. Daga 1967, a yaƙin kawar da agana da rage ƙyanda a ƙasashe 20 na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Nijar, an yi aiki da wata na'ura mai suna Ped-O-Jet. Da ƙafa ake taka ta, ta harba maganin cikin fata da ƙarfin matsi, a yi wa ɗaruruwan mutane cikin awa guda. An daina amfani da irinta ne saboda baki ɗaya ke taɓa fatar kowa, aka tabbatar tana iya kwasar jinin wani ta kai wa wani, musamman ciwon hanta nau'in B.

Ta yanzu an gyara wannan. Kowane yaro da nasa ɗan bututun roba da ake jefarwa, na'urar kuma da ƙarfin waya mai naɗi take aiki, ba ruwanta da lantarki. Wadda ta fi shahara ita ce Tropis ta kamfanin PharmaJet da ke jihar Kolorado, kuma OMS ta amince da ita. Amfaninta na kuɗi a fili yake. Allurar shan inna ta tsoka tana cin rabin mililita. In aka sa maganin tsakanin fata, kashi ɗaya cikin biyar ya isa, kwalba ɗaya ta yi wa yara ninki biyar. Matsalar ita ce sa magani tsakanin fata da sirinji sai gwani, kamar yadda duk wanda ya taɓa yin BCG, allurar tarin fuka, ya sani. Na'urar ta sauƙaƙa wannan, har mai ɗan horo kaɗan zai iya. An yi amfani da ita a Karachi a 2019, an yi a Somaliya, kuma a Nuwamban 2022 an bi gida-gida da ita a jihar Sakkwato, maƙwabtanmu.

Cikin ukun, ita kaɗai ce ta riga ta taka ƙasa irin tamu, kuma tsarin cinikinta yana da ma'ana: na'ura sau ɗaya ake saye, bututu kullum. Iyakarta kuma a bayyane take. Ba ta cire kwalba ba, ba ta cire firiji ba, bututunta ya fi sirinji tsada, don haka ribarta tana fitowa ne inda maganin kansa ke da tsada ko ƙaranci. Indiya ta amince da ZyCoV-D na korona a Agustan 2021, wanda da wannan na'ura ake yin sa, amma bai samu kasuwar kirki ba. Kasuwa ce ta gaske, ƴar siririya.

Na manne

A nan hankalin manyan masu saye yake, kuma dalilin yana cikin kwalbar ƙyanda. Garin magani ne busasshe, sai an dama shi da ruwansa, kwalba ɗaya awon yara 10. Da zarar an dama, in awa shida ta wuce sai a zubar da saura. Ma'aikaciyar da yara biyu suka zo mata ranar Talata tana da zaɓi biyu: ta buɗe ta yi asarar takwas, ko ta ce wa iyayen su dawo ranar da aka taru. Sau da yawa na biyun ake yi, kuma matar da ta taho da ƙafa daga nesa, ga aikin gona, ba lalle ta dawo ba. Haka yara ke zubewa daga lissafi, shi ya sa ma aka fara shigo da kwalba mai awon biyar. Ga kuma sharar allurai da sai an ƙona, ga kuskuren damawa da yakan jawo ɓarna.

Ɗan mannen kamar filasta yake, a fuskarsa akwai ƙananan tsinaye da ido bai cika gani ba, maganin a bushe a jikinsu. A danna a wuyan hannu, a jira ƴan mintoci, a cire. Awon yaro ɗaya ne, ba damawa, ba allurar zubarwa, kuma ana sa ran zai fi jure zafi. A 2020 Gavi da OMS da UNICEF da gidauniyar Gates da ƙungiyar lafiya ta PATH suka jera sababbin dabarun ba da riga-kafi, suka sa shi a sahun farko.

An kuma gwada shi a kan yaran yankinmu. A Gambiya, cibiyar bincike ta MRC ta gwada mannen ƙyanda da rubela na kamfanin Micron Biomedical da ke Atlanta a kan manya 45, yara masu tafiya 120 da jarirai 120. Sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna fiye da kashi 90 na jariran sun samu kariya daga ƙyanda, daidai da na allura, dukkansu kuma sun samu ta rubela. Kwatanta wannan da 85 na shaƙa. A ƙarshen 2023 gidauniyar Gates ta ba kamfanin dala miliyan 23.6 don gina masana'anta. A Ostireliya akwai Vaxxas, wanda ya tsiro daga jami'ar Queensland, yana bin tasa hanyar.

To ina gizo ke saƙar? Gwajin Gambiya na matakin farko da na biyu ne. Sai an yi babban gwaji, sai hukumomi sun ba da lasisi, sai OMS ta sa hannu, sannan UNICEF ta yi tayi. Kowane mataki shekaru ne. Abu mafi wuya kuma ba a jikin yaro yake ba, a masana'anta yake: buga manne miliyan ɗari a tsabtace, kowanne da awo daidai, a farashin da zai tsaya kusa da kwalbar da ake samu da araha. Wanda ya tuna MenAfriVac na sanƙarau, da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ya san abin da ya sa ya karɓu: awon mutum ɗaya bai kai rabin dalar Amurka ba. Mannen da ya ninka farashi sau da yawa zai tsaya ne a wuraren da ke da wuyar kai, ba zai maye kwalba duka ba.

Kada kuma a ɗauka rashin allura zai kawar da ƙin yarda. Abin da aka ƙaurace wa a Kano a 2003 ɗigon baki ne na shan inna.

Abin da Madarunfa ta riga ta nuna

Ba sai mun yi hasashen yadda kuɗi ke tafiya a irin wannan harka ba, an yi a gabanmu. Daga 2014, Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitocin agaji ta MSF mai cibiya a nan Maraɗi, tare da ma'aikatar lafiya, sun gwada wani riga-kafin zawo na rota a kan jarirai fiye da 3,500 a gundumar Madarunfa. Na baki ne, ba allura, an kuma yi shi don ya jure zafi. Sakamakon 2017 ya nuna yana kare kusan biyu cikin uku daga zawo mai tsanani. A 2018 OMS ta amince da shi da sunan Rotasiil, yau ana sayar da shi ƙasashe da dama.

Ribar sayarwa ta tafi Pune, wurin Serum Institute of India, kamfanin iyalin Poonawalla, wanda ba ya sayar da hannun jari a kasuwa. Abin da ya zauna a Maraɗi shi ne albashin ma'aikata, hayar gidaje da motoci, man fetur, gyaran firiji, da matasan da suka koyi aikin bincike. Ba ƙaramin abu ba ne, amma kuɗin hidima ne, ba na mallaka ba.

Haka lamarin yake ga sauran. PharmaJet, Micron, Vaxxas, Bharat Biotech, duk ba a sayar da hannun jarinsu ga kowa da kowa. Manyan asusun jari da gidauniyoyi ne ke ciki. A kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda ita ce tamu, bankuna ne da kamfanonin waya da na abinci, babu mai yin riga-kafi. AstraZeneca ana sayen sa a London, amma FluMist ɗan ƙaramin yanki ne na cinikinsa, wanda ya sayi AstraZeneca magungunan daji da na zuciya ya saya. Wanda ya rage a buɗe shi ne irin CanSino, wato ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce ta hanyar da ta fi rauni. Fitar da kuɗi daga yankin sefa don jari a waje ma sai da izini da takardu. Saboda haka in wani ya zo maka, Alhaji, da takarda mai tambari ya ce yana sayar da kaso a kamfanin manne, riƙe kuɗinka.

Shi ma mai sayen guda ɗaya aljihunsa ya girgiza. A 2025 aka rushe USAID, hukumar agaji ta Amurka, a Yunin shekarar Amurka ta ce ta dakatar da ba Gavi kuɗi, taron neman gudummawa na Brussels kuma bai kai dala biliyan 11.9 da aka nema ba. Mai saye in kuɗinsa suka ragu, tsohon abu mai araha yake riƙewa, sabo ya jira. Akwai asusun AVMA da Gavi ya ƙaddamar a Paris a Yunin 2024, har dala biliyan 1.2 cikin shekara goma don masu yin riga-kafi a Afirka, amma wannan na masu masana'anta ne irin Institut Pasteur na Dakar, ba na ɗan kasuwa mai miliyan hamsin na sefa ba.

Inda hannu ke kaiwa

In jeri ake so, ga nawa. Manne ne ya fi makoma, amma na kallo ne tukuna. Ranar da aka ji OMS ta amince da na farko, UNICEF kuma ta fitar da farashi, ranar ce lissafi zai fara. Bindiga ita ce mai aiki yau, kuma abin da ɗan gida zai iya nema a cikinta wakilci ne, horarwa, da jigila. Na shaƙa a bar wa masu kuɗin da ba sa jin zafin asara.

Mai son kuɗinsa su yi aiki bana, abubuwa biyu ne a gabansa, kuma ba daidai suke ba.

Na farko sanyi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba ta dawo ba sai Maris 2024, kowa a garin nan ya ga abin da firiji ke zama in babu wuta. Ko manne ya zo gobe, yawancin riga-kafi za su ci gaba da zama tsakanin digiri 2 da 8, haka insulin, haka maganin tsayar da jinin haihuwa, haka allurar cizon kare. Sai dai a lura, firijin likitocin gwamnati ta hanyar Gavi da UNICEF suke zuwa, daga jerin da OMS ta tantance. Ba za ka sayar musu da naka ba. Gurbin ɗan gida shi ne girkawa, gyara, kayan sauyi, da ɗakin sanyi mai hasken rana da farmasi da asibitoci masu zaman kansu za su yi haya. Ciniki ne mai tabbas, amma in kwangilar hukuma ce, biya yakan yi jinkiri.

Na biyu, wanda na fi karkata gare shi, yana bayan gida. Riga-kafi ba allura ya daɗe da zama ruwan dare a wurin kaji: a ruwan sha, a feshi, a ɗigon ido. Cutar Newcastle, mai share kajin gari in sanyi ya shigo, tana da riga-kafi mai suna I-2 da aka samar a jami'ar Queensland musamman don ƙauyukan da ba firiji. Yana jure zafi fiye da na da, ɗigo ɗaya ne a ido, ana maimaitawa kamar bayan wata huɗu, kuma macen da aka koya wa da safe za ta iya yi da yamma. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin sa. A gida muna da LABOCEL a Yamai mai yin na shanu da awaki da tumaki, muna kuma da tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu na ƙauye, SVPP, wanda Dakwaro ta daɗe da saninsa. Bambancin da na mutane shi ne a nan mai kaza ce ke biya, hannu da hannu, kuma masu sayen dubbai ne, ba ɗaya ba.

Ribar kowane ɗigo ƙanƙanuwa ce, sai an tara yawa. Ana buƙatar izinin hukumar kiwo kafin a shigo da shi ko a sayar, da likitan dabbobi da zai tsaya a kai, da firiji ɗaya mai hasken rana a gari inda za a ajiye kafin a raba. Jure zafi ba ya nufin a bar shi a rana a kan babur, kuma kwalbar da aka buɗe ba ta jimawa, don haka a tara kajin unguwa kafin a fasa ta. A fara zagaye tun kaka, kafin iskar hunturu ta taso. Garken da ciwo ya riga ya shiga kuwa kada a taɓa shi ko an roƙa, don kajin za su mutu duk da haka, kuma a ƙauyen za a ce ɗigonka ne ya kashe su.